Me za mu kira audiobook da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "littafin sauraro"

Salam jama'a. Maganar nan ta nemo wa audiobook suna da Hausa na ga ta ɗau zafi, shawarwari sun yi yawa har wasu sun nutse a ƙasa ba a ganinsu, shi ya sa na ce bari in tattaro su wuri ɗaya in faɗi wanda ya kwanta min a rai da dalilina, wanda bai gamsu ba bismillah ya zo mu ci gaba.

Ga wanda bai san kan zancen ba, littafi ne cikakke da aka riga aka rubuta, sai wani ko wata ta zauna ta karanta shi tun daga farko har ƙarshe a naɗi muryar, kai kuma ka sa a wayarka kana ji kana aikinka. Ba shirin rediyo ba ne, ba hira ba ce, ba kuma taƙaitawa ba. Littafin ne dai da kansa, sai dai ta kunne yake shiga. Ni yawanci ina kan keken ɗinki nake jin nawa, kuma kusan duk na tarihi ne da na gwagwarmayar neman haƙƙi, musamman na mata, kuma duk sanda Goggo ta tambaye ni wai me kike ji ne haka kin yi tsit, sai in rasa kalma ɗaya da zan ba ta, sai na yi dogon bayani. To abin da sai an yi masa dogon bayani kullum ai yana buƙatar suna.

Wanda ya fi samun goyon baya shi ne "littafin sauti", kuma na gane dalili, Larabawa ma kitab sauti suke cewa, to ya zo wa mutane a saukake. Amma ku duba yadda muke haɗa kalmar littafi da wata kalma. Littafin tarihi, littafin fiƙihu, littafin soyayya, littafin yaƙi, littafin lissafi, duk kalma ta biyun tana faɗa maka abin da ke CIKIN littafin ne. To idan ka ce littafin sauti, ɗalibin Hausa na kwaleji ko jami'a abin da zai fara zuwa masa shi ne littafin da ke koyar da tsarin sauti, baƙaƙe da wasula da karin sauti, don haka suke kiran darasin. A titi kuma idan aka ce sauti ai kiɗa ne, "sauti na tashi a gidan biki". Babu mutum a cikin kalmar sauti, ƙarar inji ma sauti ce.

"Littafin murya" ya fi shi taushi, kuma saƙon murya ya riga ya zauna a bakin kowa saboda WhatsApp, to yana da ƙafar tsayawa. Da za a ce dole sai na zaɓi na biyu shi zan ɗauka. Amma matsalar nan ta farko tana binsa, mutum zai iya ɗauka littafin gyaran murya ne na mawaƙa ko masu ƙira'a.

"Littafin baka" kuwa a'a gaskiya. Adabin baka sunan abin da ba a rubuta ba ne, tatsuniya da kirari da karin magana, shi kuma wannan rubutacce ne tun asali, marubuci ya sha wahalarsa shekaru. "Littafin kunne" ya ba mutane dariya kuma yana da saurin kamawa amma ba na jin malami zai iya rubuta shi a allo.

Sai masu cewa "faifan littafi" ko "littafin kaset". Nan ina so mu ɗan tsaya don tarihin abin da kansa ya ba da amsa. A Amurka aka fara shi sosai a farkon shekarun 1930, kuma don makafi aka fara, ana naɗa a faifan garmaho wanda kowane gefe bai wuce kamar minti 15 ba, ka ga littafi ɗaya sai ya ci tulin fayafayai. A Ingila aka fara a 1935, da yawa daga waɗanda aka yi domin su sojoji ne da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A lokacin sunan da suka ba shi ma'anarsa littafi mai magana. Da kaset ya zo sai mutane suka koma cewa littafi a kaset, kaset ya wuce, CD ya zo ya wuce, sai a 1994 ƙungiyar masu buga irin waɗannan littattafai a Amurka ta tsayar da kalmar audiobook a matsayin sunan da kowa zai riƙa amfani da shi. Wato su masu abin ma sai da suka shekara kusan 60 suna lalube, to mu kada mu ji kunyar muhawarar kwana biyu. Abin da na ɗauka a nan shi ne kada mu ɗaura sunan a jikin na'ura, yau memori ne da waya, gobe Allah kaɗai Ya san mene ne, yaron da aka haifa a 2010 ma bai taɓa riƙe kaset ba.

"Littafi mai magana" ɗin ma wani Malam ya kawo shi, yana da daɗi a baki ba ƙarya, sai dai ni in na ji shi littafin yara mai batir nake gani, wanda ake danna hoto ya yi kukan kyanwa. Kuma ba littafin ke magana ba, mutum ne ya zauna awa 10 ko 15 a gaban makirfo yana karantawa, bai kamata sunan ya shafe shi ba.

Akwai kuma 'yan "a bar shi odiyo kawai, ai kowa ya gane". Ba na faɗa da aron kalma, littafi ɗin ma daga Larabci muka samo shi, mota da rediyo da tebur duk baƙi ne da suka zama 'yan gida. Kuma gaskiya ne mutane na cewa turo min odiyon littafin nan. Amma odiyo a bakinmu ya zama komai da komai, wa'azi odiyo, waƙa odiyo, hirar sirri ta ɗan siyasa ta fita a ce odiyo ya fita. Kalmar da ke nufin komai ba za ta ware mana wannan abu ɗaya ba. Ga kuma 'yan uwanmu na Nijar, wata 'yar uwa daga Maraɗi ta tuna mana su livre audio suka sani daga Faransanci, to in muka samu ta Hausa zalla ta haɗa mu gaba ɗaya har da na zango a Kumasi.

To me ya sa littafin sauraro? Saboda akwai wata hanya ta biyu da muke haɗa kalmar littafi, inda kalma ta biyun ke faɗin abin da ake YI da shi. Littafin rubutu, wanda ake rubutu a ciki. Littafin karatu, wanda ake karantawa. Duk ɗan firamare ya san bambancin waɗannan biyun tun yana aji ɗaya, uwarsa ma ta sani don ita ke saya. Littafin sauraro ya shigo layinsu ya zauna daram, na uku, wanda ake saurara. Ba ruwansa da na'ura, ba ya rikicewa da wani darasi, jam'insa ba wahala, littattafan sauraro. Kuma kalmar sauraro rediyo ta riga ta saba mana da ita shekara da shekaru, "jama'a masu sauraro", babu tsohuwar da ba ta san ta ba. Wanda bakinsa ya fi sabawa da saurare ya ce littafin saurare, duk ɗaya ne, wannan bambancin kari ne kawai. Sannan sauraro ya fi ji nauyi, ji kana iya jin abu ba da niyya ba, sauraro sai ka ba da hankalinka, shi ya sa ban ɗauki "littafin ji" ba.

Gwada shi a jimla ku ji. Akwai littafin sauraronsa? Na sauke littattafan sauraro biyu kafin datata ta ƙare. Wa ya karanta littafin sauraron nan, muryarta akwai daɗi. Ni dai ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba.

Yanzu maganar da ta fi tsaya min, wani ɗan uwa ya ce ai duk sunan da za a ba shi sauraro ba karatu ba ne, aikin malalata ne. Yaya, da girmamawa, wannan maganar ba ta yi daidai da tarihinmu ba ko kaɗan. Mu ai ta kunne muka gaji ilimi. A zaure ɗalibi ɗaya ke riƙe da littafi yana ja, malam na fassarawa, sauran da ke zaune suna saurare kuma a ce sun ɗauki karatu, ba wanda ya taɓa ce musu malalata. Tafsirin azumi mai jan baki na ja malam na fassara, dubban mutane na ji a masallaci da rediyo. Kuma babbar hujjata mace ce, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, amma ta san yawancin matan karkara ba za su iya karanta takarda ba kuma ba za su bar gidajensu su zo Sakkwato su zauna ba, sai ta tsara ilimin a waƙe, ta koyar da jajis, wato matan da ke jagorantar karatun, ta naɗa musu malfa, su kuma su koma garuruwansu su rera wa mata har su haddace. 'Yan Taru kenan. Rubutaccen abu ne aka mayar da shi murya don ya isa ga wadda hannunta ke cikin aiki. In ba wannan ne manufar littafin sauraro ba to mene ne?

Kuma wallahi wannan ne ya sa nake ta naci a kan sunan, don matan da nake so abin ya kai gare su ba za su taɓa neman abin da ba su san sunansa ba. Ta littafin sauraro na san Claudette Colvin, yarinya 'yar shekara 15 da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas a garin Montgomery na Amurka a watan Maris na 1955, wata tara kafin Rosa Parks ta yi nata ranar 1 ga Disamba, kuma na san ƙaurace wa bas ɗin da ya biyo baya kwana 381 ya ɗauka, kuma mata ne suka kwana suna buga takardun kiran mutane, mata masu aikatau ne suka riƙa takawa a ƙasa zuwa gidajen da suke aiki. Ina ji ina taka keke sai da na tsayar da ɗinkin. Ta nan na ji yadda Wangari Maathai ta Kenya ta fara da dashen itatuwa da matan ƙauye a 1977, aka doke ta aka kulle ta, ta zo ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004. Dukkansu da Turanci na ji su, kuma duk lokacin tunanina ɗaya, ina namu?

Hajiya Gambo Sawaba ta shiga jam'iyyar NEPU tana 'yar shekara 17, an ɗaure ta sau 16 saboda ta ce matan Arewa su ma a ba su ƙuri'a kuma a daina yi wa ƙananan yara auren dole, ta je har Abekuta wajen 'yar gwagwarmayar haƙƙin mata Funmilayo Ransome-Kuti, kuma matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979. 'Yan mata nawa ne a Zariya ke wucewa ta gaban asibitin da aka sa wa sunanta ba su san wannan ba? Ga Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi a Nijar da ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Waɗannan fa tarihinsu a rubuce yake, yana cikin littattafai da kundayen digiri a ɗakunan karatu na jami'o'i ƙura na binne su. Masu sauraro kuwa muna da su jibgi, ku duba yadda ake bin tashoshin YouTube masu karanta littattafan soyayya na Hausa, ku duba layi wajen masu tura abubuwa a memori a kasuwa. Kunnen yana nan, abin da za a zuba masa ne ya yi ƙaranci. Akwai wani shafi LibriVox da aka kafa a 2005, 'yan sa kai ne kawai ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare su ɗora kyauta, ba abin da zai hana mu yin irinsa, amma don Allah littafin da marubucinsa ko magadansa ke da haƙƙi a nemi izininsu tukuna, abin da wasu tashoshi ke yi na karanta littafin mutum ba sallama ba daidai ba ne.

Abin da ya rage ban warware ba shi ne sunan shi mai karantawar. Makaranci ya riga ya tafi wajen masu karatun Alƙur'ani, mai jan baki na tafsiri ne kuma ba na so mu taɓa shi, mai ba da labari kuma ba daidai ba ne don ba labarinsa ba ne. Ni a yanzu "mai karantawa" nake cewa, a rubuta a jikin hoton littafin: rubutawa wance, karantawa wance, kamar yadda ake yi a fim. Malaman Hausa da ke nan da ma'aikatan rediyo, ku ne kuka fi mu sanin wannan, in akwai kalmar da kuke amfani da ita a wurin aiki ku kawo ta. 'Yan uwa na Damagaram da Tawa da Agadas kuma ku faɗa mana ko sauraro ko saurare ne ya fi zama a bakinku.