Neman shawara: in shiga digirin digirgir a kan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ko in riƙe koyarwata?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a gaya mini gaskiya komai ɗacinta.

Na gama digiri na biyu a lissafi a nan Kumasi, yanzu ina koyarwa a wata sakandare. Wani malamina ya ce zai ɗauke ni digirin digirgir. Aikin shi ne a kwaikwayi yadda ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo, amma da lissafi a cikin kwamfuta, ba a ɗakin gwaji ba. Raina yana so. Sai dai rabona da bayoloji tun ina sakandare. Kwamfutata kuma ta tsufa. Ran nan na bar ta tana lissafi na kwanta, aka ɗauke wuta, batirin bai riƙe ba, da asuba na tarar da ita baƙi ƙirin, aikin dare ya tafi. An ce ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mutum sun kai kusan biliyan 86. Ni da wannan akwala me zan tsinana?

Ga kuma Baba. Da na ce masa zan zama dakta, ya tambaye ni a wane asibiti. Na ce ba mai duba marasa lafiya ba. Ya ci gaba da jan casbinsa, har yau bai ce uffan ba.

Yaya daga Nima: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wa ya ce maka biliyan 86 za a ɗora maka? Fannin nan da jijiya ɗaya ya fara. Wasu masana biyu a Ingila, Hodgkin da Huxley, sun auna ƙatuwar jijiyar wata dabbar teku da ake kira sikwid, a 1952 suka wallafa lissafi huɗu da ke nuna yadda saƙo ke tashi. Huxley da injin lissafi na murzawa da hannu ya warware su, ya shafe makonni yana murzawa. A 1963 suka samu kyautar Nobel. Akwalar taka za ta yi wannan lissafin kafin ka kurɓi koko.

Bayolojin da kake tsoro, ga ƙashin bayansa. Ƙwaya idan tana hutawa, wutar cikinta tana ƙasa da ta waje da kimanin milibolt 70 (milibolt ɗan ƙaramin ma'aunin ƙarfin wutar lantarki ne). Idan aka zungure ta sosai, ƙofofin sodiyam su buɗe, ya kwararo ciki, wutar ta yi tsalle sama, sai potasiyam ya fita ya mayar da ita. Duka a cikin kashi 1 ko 2 cikin 1,000 na daƙiƙa. Tsallen nan ya bi jijiya har bakin mahaɗa, kalsiyam ya shiga, a saki sinadari ya tsallaka zuwa ƙwaya ta gaba. Wani sinadarin, kamar gulutamet, cewa yake "tashi", GABA kuwa ya ce "zauna". Wanda ya iya lissafin sauyi ya riga ya ci rabin hanya. Ni daga fiziks na shigo, kuma sunayen ne kawai suka ba ni ciwon kai.

Sauke Brian, manhajar kwaikwayon ƙwayoyin jijiya da ake rubuta ta da harshen kwamfuta na Python, ko takwararta NEURON, duka kyauta ne. Darussan Neuromatch na wannan fanni, da aka fara a 2020, suna nan a intanet a buɗe. Akwai kuma Imbizo, horon wannan fanni da aka fara a Muizenberg kusa da Kef Tawun, ka riƙa sa ido a kan lokacin neman shiga. Batun wuta kuwa, har da laifinka: rubuta shirinka ya riƙa ajiye sakamako duk bayan 'yan mintuna.

Kawu na Asawase: Ɗana, duk abin da yayarka ta faɗa na ji, amma ban ji maganar tuwo ba. Wa zai biya kuɗin makaranta? Akwai alawus ko babu? Kar ka ajiye alli sai ka ga takarda a hannu. Ka kuma nemi ɗaliban malamin nan na da, a bayan idonsa, ka tambaye su shekara nawa suka yi kafin ya sa musu hannu.

Mai Kanti a Kejetiya: Ni dai a ganina ka nemi waje kawai. Can akwai manyan injina.

Yaya daga Nima: Alhaji, ba na ja da kai, amma inji ba shi ne matsalarsa ba. Abin da zai rasa a gida shi ne wanda ke auna ƙwaya ta gaske, domin samfurin lissafi da ba a gwada shi da awo ba zane ne kawai. Cibiyar Allen da ke Amurka tana sakin awonta kyauta, wannan zai rage zafi. Ya kuma nemi mai duba aiki na biyu daga ɗakin gwaji, ko a ina yake, kuma ya leƙa AIMS, cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, nan Akra ya san mutane. Kai kuma ƙanena, "yadda ƙwaƙwalwa ke magana" ba tambayar bincike ba ce, ta yi faɗi. Me ka ke son sani takamaimai?

Hajiya, ma'aikaciyar jinya: Ga tambaya daga wurin aikina. Farfaɗiya tana tasowa ne idan ƙwayoyi da yawa suka tashi lokaci guda, masu cewa "zauna" suka kasa riƙe su. A zango har yanzu wasu aljanu suke ɗora wa, a yi ta hayaƙi yaro yana faɗuwa. Ka gaya wa Babanka wannan kake son ganewa. Ba dattijon da bai san gidan da ake fama da ita ba.

Ɗan Aboabo: Allah ya saka da alheri. Yaya, na sauke Brian jiya, na haɗa ƙwayoyi 100, na rage ƙarfin masu cewa "zauna" kaɗan kaɗan, sai ga su duka suna tashi tare. Na kai wa Baba kwamfutar bayan isha'i na nuna masa layukan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko irin abin da ke kama jikan maƙwabcinmu ke nan. Kawu, ranar Litinin zan je in tambayi maganar alawus. Wa ke da samfurin wasiƙar neman mai duba aiki na biyu?