Dashen ƙoda da pankireyas lokaci guda, mi ke kawo matsala bayan aiki?

Ƙanwar Ɗan Liyon (Yamai):
Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah masu ilimin likita ku taimaka. Yayana na Faransa, garin Liyon, tun yana yaro yake da ciwon suga mai allurar insulin, yanzu ƙodojin sun gaza yana diyaliz (wankin jini da na'ura), kuma sun sa shi layin jiran dashe, wai ƙoda da pankireyas (gaɓar cikin ciki mai yin insulin) za a sa mishi rana guda. Amma sun ce sai ya rage ƙiba ya bar sigari sannan a duba zuciya. Inna ta ƙi barci, tambayata take yi ni kuma ban da amsa. Mi ke sa aikin ga ya ɓaci ga wasu, wasu kuma su tashi lahiya?

Ɗan Ader 84 (Tahoua):
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah shi ba shi lahiya. Ni ma'aikacin jinya ne, zan hwaɗa miki abin da na sani. Aikin ga ba sabo ba ne, tun 1966 anka fara shi a Jami'ar Minesota ta Amurka, kuma yawanci ƙodar ba ita ke ba da wahala ba, pankireyas ɗin ne. Jini a hankali yake ratsa shi, to sai gudan jini ya toshe jijiyar da anka ɗinka, mafi yawa cikin satin farko, in haka ta faru sau da yawa cire shi ake yi a bar ƙodar. Don haka ake ba su maganin tsinka jini, shi kuma in ya yi yawa sai zubar jini cikin ciki, kin ga lokotoro tsakanin abu biyu yake tahiya. Sannan ba shi kaɗai ake dasawa ba, da guntun hanjin mamacin ake haɗo shi a ɗinke ga hanjin mara lahiya, in ɗinkin ya yi yoyo ruwan narka abinci ya zuba cikin ciki sai ƙwayoyin cuta, sai a sake buɗe mutum.

Ƙibar da sunka ce ya rage ba tsangwama ba ce hwa. Lissafin nauyi da tsawo in ya wuce 30 rauni ba ya saurin warkewa, aikin ma ya fi wuya. Sigari na ƙuntata jijiyoyi, ga suga ya riga ya ci su shekara da shekaru. Zuciyar kuwa ita na fi jin tsoro, don mai suga na iya samun toshewar jijiyar zuciya bai taɓa jin zafin ƙirji ba, sai an kwantar da shi aiki na awowi ta bayyana. Shekaru sama da 50 da daɗewa kan diyaliz su ma suna ƙara haɗari.

Maman Biyu:
Ikon Allah. To ke ba ki iya ba shi naki? Maƙwabcinmu ƙanenshi ya ba shi ƙoda kuma ga su nan dukansu suna yawo.

Ɗan Ader 84:
Hajiya ƙoda biyu gare mu, pankireyas guda ne, shi ya sa kusan kullum daga wanda ya rasu ake ɗauko duka biyun. Nan ma akwai nashi haɗarin da dangi ba su da hannu ciki: in mamacin ya haura 45 ko 50, ko mai ƙiba ne kitse ya shiga gaɓar, ko shanyewar jiki ce ta kashe shi, gudan jini ya fi samuwa. Haka in gaɓar ta daɗe cikin ƙanƙara, ana son a dasa ta kamin awa 12 in da hali. Shi ya sa za ki ji an kira mutum tsakar dare ya tahi asibiti sannan a ce koma gida, lokotoro ya duba bai gamsu ba. Ƙanwata, in haka ta samu yayanki kar Inna ta ɗauka mugun hannu ne.

Direban Gaya:
Ni ƙoda kaɗai anka yi mini waje, amma magungunan iri guda ne, takrolimus da mikofenolat, suna kwantar da garkuwar jiki don kar ta ƙi baƙuwar gaɓa, to kai kuma ko wace cuta ta ga ƙofa buɗe. Abin da nike so ki riƙe shi ne ranar da zai zo ganin gida. Kar ya zo watan 4 ko 5, zahin nan da gudawa ta kwana guda sun isa su busar da mutum ƙodar ta sha wuya, kuma gudawa na hauda takrolimus cikin jini. Kuma don Allah ku hana tsohi ba shi jiƙo da sassaƙe, na san don ƙauna ne amma ba a san abin da za su yi da maganin ba. Ko na asibiti ma, rifampisin na tarin fuka kwashe ƙarfin takrolimus yake, sai an gyara awo.

Ƙanwar Ɗan Liyon:
Na gode ƙwarai wallahi. Nauyin yana ƙoƙari, sigarin ne dai nike zargin yana sha a ɓoye don jiya cikin bidiyo na hango kwalin bisa tebur. Yaya Ɗan Ader, in ya bari yau wata nawa kamin jiki ya ga amfanin?