Musayar Waƙa: Pakistan da Maƙwabciyarta

Baba na Fagge:
Salamu alaikum. Amsa-amonmu na yau "ya" ne, wanda ya karya shi zai sayi shayi.

A 1947 Bature zai tafi,
Ya miƙa wa Radkilif mai shata iyaka alƙalami mai kaifi,
Sati biyar ya tsaga Punjab da ƙarfi,
Lahore nan, Amritsar can a Indiya.

Jinnah uban Pakistan ya ce kowa ya je wurin ibadarsa,
Gwamnati ba ruwanta da aƙidarsa,
Shekara guda, Allah Ya karɓi abinSa,
Ƙasa ba ta gama sanin kanta ba ta zama marainiya.

Ɗiyar Katsina:
Baba, Bature ya yi nasa, na yarda da haka,
Amma wa ya harbi ɗalibai a Dhaka?
A 1952 don harshen Bengali suka fito, ba wata harka,
An ce Urdu kaɗai, kowa ya bi hanya ɗaya.

Alƙibla ɗaya, Alƙur'ani ɗaya, Baba,
Bai hana 1971 zuwa da gaba ba,
Soja ya ƙi sakamakon zaɓe, gida aka raba,
Indiya ta sa hannu, Bangladesh ta tsinke igiya.

Mai Lissafi:
Ni ɗan Pakistan ne ya koya mini lissafi a sakandare. Kullum aljihunsa fari fat da alli, in an ambaci Kashmir sai muryarsa ta yi rawa. Don haka a bar ni in kare su kaɗan.

Ƙanwata, leƙa ki ga wa ke bayan katangarta,
An gwabza a 1965, a Kargil 1999 an maimaita,
Ruwan Indus ma ta gonar maƙwabci yake iske ta,
Kan Kashmir ana ci mata tuwo a ƙwarya.

Indiya ta gwada nukiliya, Pakistan ta rama a Chagai,
A 1998, mai tsoro ba ya barci sosai,
Shi ya sa soja ya miƙe ƙafa sarai,
Farar hula a gidan mulki kamar ɗan haya.

Ɗiyar Katsina:
Yaya, zamanin Janar Ziya'ul Haƙ aka ƙosar da mayaƙa kamar kura,
Dala da riyal da makamai aka tara,
Aka ce Rasha za ta ci a Afganistan, ta bar mana yara,
Rasha ta fice a 1989, kura ta waiwaya.

Tsohuwar firaminista Benazir a Rawalpindi, 2007, an kashe ta,
Malala a Swat, cikin mota an harbe ta,
Peshawar 2014, yara 132 a makaranta,
Wannan ma Indiya ce? Faɗa mini gaskiya, Yaya.

Auta:
A yi mini afuwa manya, baiti ɗaya gare ni.

A waya na kalli iyakar Wagah da yamma,
Dakarun ƙasa biyu na cilla ƙafa sama,
Gashin baki murɗe, tuntu a ka, sun yi kama,
A sauke tuta, a yi musabaha, a rufe ƙofa, a juya.

Baba na Fagge:
Auta, ka tsira daga shayi. Mai Lissafi, ƙanwarka ta yi maka tambaya kan Peshawar ka yi gum. Muna jiran baitinka bayan isha'i.