Ɗana yana so ya bar horon soja a Amurka, ina mafita?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Bronx muke zaune. Ɗana mai shekara 19 ya shiga sojan ƙasa, mako na uku ke nan yana horo a sansanin soja na Fort Jackson. Ranar Lahadi aka ba su waya, ya kira ni murya na rawa, wai ba ya barci, gwiwarsa ta kumbura, har yana cewa zai gudu. Akwai hanyar fita da doka ta yarda da ita?

Tsohon Saje: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, ki hana shi gudu. Barin aiki ba izini laifi ne a sashe na 86 na dokar sojan Amurka, kuma in ya kwana 30 a waje za a sa shi cikin masu gudun soja, a ba da takardar kama shi. Akwai sallama ta sababbin shiga, da suke kira ELS. Da a cikin kwana 180 na farko ake yin ta, yanzu an kai 365. Amma ba shi zai ce "na ajiye" ya ɗauki jaka ba, kwamandansa ne ke da ikon yanke hukunci. Kuma takardun na jan ƙafa. Na ga yaran da abokansu suka gama horon mako 10 suka tafi, su suna nan suna sharar bariki suna jiran sa hannu.

Anti Nas: Ni gwiwar ce ta dame ni. Gobe da asuba ya je ganin likita, a rubuta komai a fayil. In ciwon ya hana shi horo, ta hanyar lafiya ma ana sallama. Kada ya ƙirƙiri ciwon da babu, ƙaryar za ta dawo kansa. Rashin barcin ma ya faɗa musu.

Abu Hanan: Yana da fasfon Amurka ko katin zama kawai? In kati ne, ku ga lauyan shige da fice tukuna, don irin sallamar da aka ba shi tana iya shafar neman zama ɗan ƙasa ta hanyar soja. Ku kuma kira GI Rights Hotline, layin wayar ba sojoji shawara kan haƙƙinsu, farar hula ne, shawararsu kyauta ce.

Tsohon Saje: Na manta, ya nemi ganin malamin addini na bataliyarsu. Ko malamin ba Musulmi ba ne zai saurare shi, kuma abin da suka tattauna sirri ne. Makonnin farko su ne masu zafi, Hajiya, ni ma na yi kuka a banɗaki.

Maman Khalifa: Katin zama gare shi. Allah ya saka da alheri, yau zan rubuta masa wasiƙa.