Furosesa iri ɗaya, gudu daban: jabu aka sayar mini?

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da ɗan yayata mun haɗa kwamfutocin tebur biyu, furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) samfuri ɗaya daga shago ɗaya, babban allon da ake dasa kayan ciki a kai (motherboard) ma iri ɗaya. Da muka shiga BIOS, wato wurin saitin babban allon, muka ƙara musu gudu sama da ƙa'idar kamfani, tasa ta zauna daram a 5.1 GHz (ma'aunin gudun furosesa), tawa kuwa da ta wuce 4.9 sai fuskar kwamfutar ta yi shuɗi ta tsaya cak, ko da na ƙara mata wuta. Shin in mayar wa mai shago?

Mai Gyara a Riyad:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ɗauki alhakin mai shago, domin ba jabu ba ce. Daga faifan silikon guda mai faɗin milimita 300 ake yanko furosesa masu yawa, kuma biliyoyin tiranzistocin (ƙananan makunnan wuta) da ke cikin kowace ba sa fitowa daidai wa daida. Wasu suna yoyon wuta fiye da wasu, wasu kuma ba sa jure babban gudu sai an ƙara musu bolt, wato ƙarfin wuta. Alkawarin kamfani ya tsaya ne a kan gudun da ya rubuta a kwali, abin da ya haura wannan rabo ne. Shi ya sa a 2019 kamfanin Intel ya tsamo mafiya kyau daga cikin furosesoshinsa na Core i9-9900K, ya sayar da su da sunan 9900KS, masu kai 5 GHz a dukkan ƙwayoyinsu takwas, wato sassan da ke yin lissafi.

Uban Yara a Makka:
Na yarda da bayanin nan, amma ɗan'uwa, ka fara duba zafi. Ƙarin bolt kaɗan yana haifar da zafi mai yawa, kuma irin waɗannan furosesa suna rage wa kansu gudu idan suka kai digiri 100. A bazarar ƙasar nan, ɗaki mai iyakwandishan da ɗakin da fanka kawai ke kaɗawa ba ɗaya ba ne. Ka cire na'urar sanyayawa, ka goge tsohon man da ke kan murfin furosesar, ka shafa sabo, ka ɗaure kusoshi huɗun daidai.

Mai Gyara a Riyad:
Haka ne, Baba. Sannan sau da yawa kwamfuta takan tashi a 5.1, amma ta faɗi da zarar an ɗora mata Prime95, manhajar gwada juriyar furosesa, na wasu sa'o'i, don haka ɗan yayar taka ya gwada tasa tukuna. Ko da ta jure, tazarar da ke tsakaninku kusan kashi 4 cikin 100 ce, wadda ba za ka ji ta a aiki ba. Shawarata ka tsaya a 4.9 da ƙarancin bolt, domin matsa mata wuta yana rage mata kwana, garanti kuma ba ya ɗaukar irin wannan ɓarna.