Neman shawara: kamfani ya janye mota da abincin rana, mutanena sun karaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 9 ina aiki a wani babban kamfani a Tema, ƙasar Ghana, da mutum 14 a ƙarƙashina. Da can kamfani ke ba mu abincin rana, mota ta kwashe mu daga Circle da ke Accra da asuba, ƙarshen shekara kowa ya tafi gida da buhun shinkafa da galan na mai. Tun da kaya suka yi tashin gwauron zabi a 2022 aka fara zare su ɗaya bayan ɗaya. Na abincin ma a takarda muka gani, manne a ƙofar ɗakin cin abinci. Babu wanda ya tara mu ya yi mana bayani.

Shekaranjiya na tarar da wani yarona da ke zuwa daga Nima a bayan inji, yana shan gari da suga a leda. Da ya gan ni sai ya ɓoye. Abin ya tsaya mini a rai. Waɗanda da suke tsayawa su ƙarasa aiki don kansu, yanzu ƙarfe biyar na yi sun rataya jaka. Manaja yana tuhumata, ni kuwa ba ni da ikon ƙara wa kowa ko pesewa ɗaya. Ya zan yi?

Wani dattijo daga Sabon Zango: Wa alaikumus salam ɗana. Na daɗe a ƙungiyar ƙwadago, don haka ka fara raba alheri da haƙƙi. Shinkafar ƙarshen shekara alheri ce, mai bayarwa yana iya janyewa. Amma ku ɗauko takardar ɗaukarku aiki da yarjejeniyar da ƙungiyarku ta sa wa hannu. In an rubuta mota ko abinci a ciki, kamfani ba ya sokewa shi kaɗai, kuma Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa tana sauraron irin wannan ƙara. Dokar Ƙwadago ta 2003 ta ce hutun shekara kada ya gaza kwanakin aiki 15. Kowa kuma ya duba SSNIT ɗinsa, wato asusun fansho: kashi 13 cikin ɗari daga kamfani, 5.5 daga albashinka. Kamfanin da ya fara tsuke aljihu, nan nake fara dubawa.

Wata Hajiya daga Madina: Ƙanena, ni wannan takardar ta bango ta fi ƙona mini rai. Hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disambar 2022, kowa ya ji a jikinsa, da an zauna da su da sun fahimta. Ka tara mutanenka ka faɗa musu abin da kake iyawa da wanda ya fi ƙarfinka. Sannan ka rubuta kuɗin torotoro, wato motar haya, da kowa ke kashewa a wata, da yawan makarar da aka yi tun da aka cire motar, ka ajiye a gaban manaja. Motar za ka roƙa tukuna, kada ka haɗa duka.

Wani ɗan'uwa daga Mamobi: Yaya, ba ku kaɗai ba ne. Meta, mai Facebook, ta daina wanke wa ma'aikatanta kaya kyauta a 2022, Google ta sallami mutum 12,000 a Janairun 2023 sannan ta rage wuraren cin abinci. Sai dai mai albashin dala ba zai sha gari a ɓoye ba. Mu a wurinmu karo-karo muke yi duk sati, wata mai wake da shinkafa ta kawo mana a kula, ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Baba, yarjejeniyar tana wurin wakilinmu, gobe in sha Allah zan karɓo. Hajiya, ranar Juma'a bayan masallaci zan zauna da su.