Na'urar ajiyar fayil huɗu a ofis biyu, ta yaya za mu haɗe su wuri guda?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutoci a wani kamfanin fito da kaya daga tashar jirgin ruwa. Babban ofis yana Ikeja, akwai na Apapa, da reshe a Kano. Fayilolinmu a warwatse suke: na'urorin ajiyar fayil (NAS) na Synology biyu a Ikeja, ta QNAP ɗaya a Apapa, sai tsohuwar sabar Windows mai takardun akanta wadda kowa ke tsoron taɓawa. Wajen terabait 30 ne, yawanci takardun kwastam da hotunan kwantena. Oga ya gaji da kuɗin dizal da batirin inbata, ya ce in kawo mafita. Mu sayi babbar NAS ɗaya mu kai cibiyar ajiyar bayanai, ko mu kwashe komai zuwa ma'ajiyar intanet ta Azure ko AWS?

Injiniya Mai Waya:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka fara da sayen na'ura. Fara da suna. Yanzu kowace kwamfuta ta san fayil ne da sunan akwatin da yake ciki, har lissafin Excel na akanta yana jawo adadi daga can. Ranar da ka kashe tsohuwar sabar nan, wayarka ba za ta huta ba.

Idan kuna da Active Directory, wato rajistar asusun ma'aikata ta Windows, kafa DFS Namespace, tsarin da ke tara jakunkunan na'urori daban-daban ƙarƙashin suna ɗaya. Kowa ya riƙa shiga ta adireshi ɗaya, kai kuma ka riƙa kwashe jaka bayan jaka ta baya ba wanda ya sani. Inda za ka sha aiki shi ne izinin shiga. Galibi akan buɗe wa ma'aikata asusu a cikin QNAP ɗin kanta, wannan izini kuwa ba ya bin fayil zuwa sabon gida, sai ka sake tsara shi a rukuni-rukuni. Na sabar Windows kam, umarnin kwafi na robocopy da zaɓin /COPYALL zai ɗauko fayil tare da izininsa. Kuma ka duba abin da ya shekara biyar ba a buɗe ba. Terabait 30 ɗin nan, na tabbata akwai hoton kwantena ɗaya a jaka uku.

Maman Zara:
Ni dai Azure da AWS ban hana ba, amma da dala ake lissafinsu, kuma fitar da fayil daga can ma kuɗi ne. Ka tuna ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, har da MainOne da WACS. Da takardunku suna Turai, da yaya za ku yi ranar? Ku kama wuri a cibiyar ajiyar bayanai a nan Legas, ko Rack Centre a Oregun, kusa da ku, ko cibiyar Equinix, wadda aka sani da MDXi, a Lekki. Sai dai ka nemi layin intanet biyu daga kamfani biyu zuwa Apapa, don masu haƙa titi ba sa sallama kafin su tsinke waya.

Baba Linux:
Manyan na'urorin ajiya irin su NetApp ko Dell PowerScale sun yi wa terabait 30 yawa, ɗana. Sa manhajar ajiya ta TrueNAS a kan saba mai kyau, da tsarin haɗa faifai na RAIDZ2, faifai biyu su mutu fayil na nan. Amma duk ƙwanka ya koma kwando ɗaya ke nan, masu kulle fayil su nemi fansa wuri ɗaya za su buga. Kada ka sayar da Synology ɗin, bar ɗaya a wani gini tana karɓar kwafi kowane dare, da kalmar sirri dabam.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Baba. To 'yan Kano fa? Su buɗe kai tsaye daga Legas?

Injiniya Mai Waya:
A'a. SMB, hanyar da Windows ke buɗe fayil daga wata na'ura, yawan kai da kawowa gare shi, da nisa ya yi sai buɗe jaka ta zama jira. Tura musu Synology ta biyun, ta riƙa daidaita jakunkunan Kano kaɗai da ta Legas, kuma ka tsai da wanda ke da ikon gyara kowace jaka, kada mutum biyu su gyara fayil ɗaya a gari biyu.